Boxer ɗina ya ƙi tashi da safe, bakanike ya ce sai an sauke inji

Abban Sumayya, Rigasa:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu mashin, don Allah ku taimaka min da shawara kafin ranar Asabar, domin ranar muka yi da bakanike zan kai masa.

Boxer BM100 nake hawa, na saye shi sabo a kwali a 2019. Ina koyarwa a wata firamare a Unguwar Dosa, gidana kuwa Rigasa ne, can gaba da tashar jirgin ƙasa. Kullum da safe sai na sauke yarana biyu a makarantarsu, in fito Bakin Ruwa, in kama baifas ta Kurmin Mashi har Kawo, da yamma in biyo sawuna. Duk shekarun nan bai taɓa ajiye ni a hanya ba. Ko lokacin da gwamnatin jihar Kaduna ta hana hawa babur a ƙarshen Satumban 2021, na jingine shi a zaure aka lulluɓa masa tsohon zani, da aka sassauta dokar kabireta kawai aka wanke, bugu biyu ya tashi.

Amma tun da hunturun nan ya kankama sai ya juya min baya. Da safe sai in ja cok in yi ta buga kik, sau goma sha biyar, sau ashirin, yara na tsaye da jakunkunansu suna rawar ɗari. Jiya ma sai da ɗan maƙwabcina ya tura ni har bakin titi sannan ya kama. Na kuma lura kik ɗin ya yi laushi. Da can sai na ɗora masa nauyina yake sauka, yanzu ko da hannu zan iya danna shi. In ya tashi kuma na saki totur a danja sai ya mutu. Gadar Kawo da nake hayewa a giya ta huɗu yanzu sai na dawo ta uku. Ga hayaƙi a salansa, ga shan mai. Lita ɗaya da can tana kai ni kusan kwana biyu, yanzu da ƙyar take wuce kwana guda, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Na kai wa bakaniken unguwarmu, ya taka kik sau biyu, ya ce ring, wato zoben da ke jikin fistin, ya mutu, sai an sauke inji an canza ring da fistin, in an buɗe aka ga bulo, inda fistin ke hawa da sauka a ciki, ya ci shi ma sai an taɓa shi. Kuɗin da ya yanka min ya haura rabin albashina. Ba wai ina zarginsa ba ne, amma zuciyata ba ta kwanta da a yanke hukunci da bugun kik biyu ba.

Shin akwai hanyar da mutum zai gane ring ne ko ba shi ba ne tun ba a buɗe ba? Sannan ina so in fara koyon ƙananan gyare-gyare da hannuna. Abin da nake da shi sifana lamba 8 da 10 da 12, sukudireba, filaya, sai sifanar filogi da ta zo da mashin ɗin. Na gode.

Baba Mai Sifana, Tudun Wada:

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yaran albarka. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a, tun ana yayin Suzuki da Yamaha masu shan mai a gauraye da baƙin mai, yanzu idanuna sun yi rauni yara ne ke riƙe da shagon. Kada ka bari a kwance injin nan tukuna. Inji in an buɗe shi ba da dalili ba, da wuya ya koma yadda kamfani ya ɗaura shi.

Ka ce hayaƙi, amma ba ka faɗi launinsa ba, kuma launin ne maganar. Gobe da safe in ya tashi ka tsuguna a bayan salansa. In hayaƙin mai shuɗi-shuɗi ne, yana warin ƙonannen baƙin mai, to mai na haurawa ɗakin wuta, a nan ne za a fara zancen ring ko robar bawul. In baƙi ne yana warin ɗanyen fetur har yana yaji a ido, fetur ne ya yi wa iska yawa, wannan ba ruwan ring. Ɗan farin tururi da ke fita da sanyin safiya ya ɗauke bayan minti biyu, wannan raɓa ce, ba ciwo ba ne.

Na biyu, ka kwance filogi ka dube shi a hasken rana. Lafiyayye bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayin da aka sa wa madara. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa. Baƙi jiƙaƙƙe mai maiƙo, baƙin mai yake sha. Fari fat, yunwar fetur yake yi. In za ka mayar da shi ka fara murza shi da yatsu har ya zauna, sannan ka sa sifana ka ɗan ja kaɗan. Kan injin gorar ruwa ne, in ka shigar da shi a karkace ka cinye zaren, ka jawo wani aikin daban.

Na uku, ka gaya min: daga juye zuwa juye baƙin mai yana raguwa sosai a sandar awo? Yaushe rabon da a duba soson iska? Kuma wannan ita ce babbar tambayata, akwai wanda ya taɓa kan injin nan a 'yan watannin nan?

Abban Sumayya, Rigasa:

Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya.

Hayaƙin baƙi ne, kuma warin fetur yake. Filogi na goga shi a farar takarda, baƙin ya zube kamar garin gawayi, babu maiƙo ko kaɗan. Baƙin mai na duba a sanda mashin yana tsaye a kan jak ɗin tsakiya, yana nan kusa da layin sama, alhali mako uku ke nan da juye.

Soson iska kuwa, Baba, da na kwance murfin akwatin gefe sai da na yi salati. Ya zama ja-ja-wur, ƙura ta daskare a jikinsa kamar an yaɓa masa laka, na matsa shi da yatsa ya ƙi lotsawa. Na tuna da damina wani yaro a wurin wanki ya ce bari ya shafa masa mai, na ga ya tsoma shi cikin galan ɗin baƙin man da aka juye daga wani mashin, ban san illa ba ce. Tun lokacin ba a sake buɗe wurin ba, ga hanyar layinmu ba kwalta.

Maganar kan inji, e an taɓa. Wajen wata biyu da suka wuce na riƙa jin wata 'yar ƙara, cak-cak-cak, daga saman injin, musamman da safe. Na tsaya wurin wani bakanike a hanya, ba na unguwarmu ba, a lokacin na taso daga makaranta injin da zafinsa. Ya kwance murafu biyu, ya ɗaure wasu ƙananan notuna, ya ce in tayar. Ƙarar ta ɗauke ɗif, na ji daɗi har na ƙara masa kuɗi a kan abin da ya ce. Ban kawo wannan a raina ba sai da kuka tambaya.

Baba Mai Sifana, Tudun Wada:

To Malam, ga ciwon nan ka faɗe shi da bakinka. Abu biyu ne suka haɗu maka, kuma in sha Allahu babu wanda zai sa a sauke inji.

Soson da ya toshe shi ne baƙin hayaƙi da shan mai. Inji na jan iska bai samu ba, sai ya riƙa zuƙo fetur, kamar mutum ya yi ta tafiya da cok a ja. Ka wanke shi da kananzir, kada ka sa fetur, yana cinye soso kuma ga haɗarin wuta. Ka matse shi a tafin hannu, ban da murɗawa kamar wanki, yagewa yake. Ka shanya a inuwa ya bushe sarai, ka ɗiga masa sabon baƙin mai kamar cokali ɗaya, ka mutsuttsuka ya game jikinsa, ka matse rarar. Damshi ake so, ba jiƙewa ba. In ka ga ya fara marmashewa ko ya huje, jefar da shi ka sayi sabo, ba shi da tsada. Kuma kada wani ya ce ka cire shi ka yi tafiya haka wai mashin ya sha iska. Ƙurar hunturu in ta shiga bulo aikin sanfefa take yi, a lokacin ne ring zai mutu da gaske.

Laushin kik da ƙin tashi kuwa, bawul ne aka ɗaure. Bari in yi maka bayani yadda nake yi wa yaran shago. A kan injinka akwai bawul biyu, ɗaya na shigo da fetur da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Tsakanin kan kowane bawul da tafet ɗin da ke danna shi kamfani ya bar wata 'yar tazara siririya da gangan, domin ƙarfe in ya ji wuta yana miƙewa. In tazarar ta yi yawa sai ka ji cak-cak ɗin da ka ji. In kuma aka ɗaure ta ɓace, ƙara za ta ɗauke, mai mashin ya yi murna, amma bawul ɗin ba ya komawa ya rufe ruf. Fistin na matso iska tana zurarewa ta gefe. Shi ya sa kik ya yi laushi, shi ya sa ba ya tashi, shi ya sa ba ya zama a silo, wato in ka saki totur yana tsaye. Wanda ya taka kik ya ji laushi sai ya ce ring, domin alamar iri ɗaya ce. Kuma in aka daɗe a haka bawul ɗin hayaƙi ƙonewa yake, don sai ya zauna a mazauninsa yake sauke zafinsa. Ni a wurina tafet mai 'yar ƙara ya fi wanda ya yi tsit.

Ba a saita shi da zafi. Ka bar mashin ya kwana. Ka cire filogi, ka kwance murafun tafet, ka buɗe ƙaramin murfin leƙe na gefen magneto. Ka juya injin a hankali har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfin. T ɗin tana zuwa sau biyu, wadda kake so ita ce ta lokacin matsa iska, za ka gane ta in ka toshe ramin filogi da babban yatsa ka ji iska na turo shi yayin da alamar ke ƙaratowa. A nan sai ka sassauta noti, ka zura ma'auni, ka juya sukurun har ma'aunin ya riƙa wucewa da 'yar tirjiya kamar kana zare takarda daga cikin littafi. Ka riƙe sukurun kada ya motsa, ka ɗaure noti, ka sake aunawa, don sau da yawa wurin ɗaurewa yake gocewa. Irin wannan ƙaramin inji wajen 0.05 na milimita ake ba shi, in littafin da ya zo da mashin yana nan za ka ga adadin a rubuce.

Ma'aunin shi ne wanda muke cewa fila gej, wasu siraran ƙarafa ne a haɗe kamar wuƙar aljihu, kowanne da lambarsa. Ka shiga tsohuwar Panteka wajen masu sayar da kayan aiki za ka samu. Wasu yara reza suke sawa, amma reza ta kusa ninka kaurin da ake so, wasu kuma da kunne kawai suke yi, irin wanda ya yi maka ke nan.

In ka gama duk wannan kik bai yi tauri ba, ga gwaji na ƙarshe. Ka zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ta ramin filogi, ka mayar da filogi ka taka. In ya yi tauri nan take, man ne ya toshe gefen ring, ring ya gaji. In bai canza ba, bawul ne ya riga ya ƙone, kan injin kawai za a cire.

Ɗan Kakuri:

Malam in ka gama gyaran ka canza ƙaramin sufuroket na gaba, wato mai haƙoran nan da ke jan sarƙa, daga mai haƙori 14 zuwa 15. Ni haka na yi wa nawa, a kan titin Kachia in na miƙe injin ba ya ihu, kuma na ga sauƙin mai. Sannan ka sa a rage maka kabireta, wato a rage fetur ɗin da take ba inji, kowa haka yake yi yanzu, wa zai iya da tsadar nan. Ka sa fitilar LED ma, ta kamfani ba ta haska komai da daddare.

Mai Kai Saƙo, Barnawa:

Ɗan'uwa na Kakuri ka yi haƙuri, maganar rage kabireta ban goyi baya ba, don ni ta ci ni. Kai kaya nake yi, wuni nake a kan mashin, daga Barnawa zuwa Sabon Tasha zuwa Malali. Da mai ya tashi a 2023 na sa aka shaƙe min ita sosai. Sati na farko na ga sauƙi. Daga nan injin ya fara zafin da in na tsaya a go-silo ina jin hucinsa ta cikin wando, yana atishawa ta salansa in na saki totur. Da aka cire filogi fari ne tas kamar alli. Ban kai wata huɗu ba bawul ya ƙone, abin da na tara na rarar mai ban ga ko ƙurarsa ba a kuɗin gyara. Mashinan nan iska ce kawai ke sanyaya su, babu lagireto, fetur ɗin da ake hana su yana cikin abin da ke rage musu zafi.

Sufuroket 15 kuma ya dace da kai ne da kake tafiya kai kaɗai a miƙaƙƙen titi. Malam yara biyu yake ɗauka, ga ramukan cikin Rigasa, ga tsaye-tsaye. Zai rasa ƙarfin tashi, ya koma yana jan kuloci rabi-rabi, farantan su ƙare. Malam ka bar shi a 14. In sarƙa ta gaji ka canza ta tare da sufuroket biyun gaba ɗaya, sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa. Ka bar mata sassauci kamar kaurin yatsu biyu a tsakiya, kada a ja ta ta yi tsam.

Abin da zan ƙara a kan maganar Baba shi ne baƙin mai. Ka daina yarda a zuba maka na awo daga jarka, ba ka san abin da ke ciki ba. Ka sayi na gwangwani ko roba mai hatimi, 20W-50, ka juya bayansa ka ga an rubuta 4T da JASO MA. Dalili shi ne kulocin mashin a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa. Ka buɗe hatimin da hannunka, ka tsaya a juye a gabanka, in an gama ka huda robar kafin ka yar, don akwai masu tsince su suna sake cikawa. Juye ma ba sai ka je wurin kowa ba, noti ɗaya ne a ƙasa, ka yi shi injin da ɗumi-ɗuminsa. Ni da hunturu ba na bari ya wuce kilomita 1500.

LED ɗin ban ƙi ba, amma ka sa mai gyaran waya ya ɗauko mata wuta daga batir ta hanyar makulli da fis, in ba haka ba za ta riƙa ƙyafƙyaftawa a silo.

Abban Sumayya, Rigasa:

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari, don bai kamata ku yi min wannan ɗawainiya in yi shiru ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga Panteka na samo ma'aunin, na haɗa da sabon soso don tsohon da na wanke ya fara marmashewa a gefe, da sabon filogi. Asabar da safe na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na karɓi tiren uwargida na riƙa jera notuna a kai yadda na kwance su. Neman T ɗin ne ya fi ba ni wuya, sai da Sumayya ta riƙe min tocilan waya ina juyawa a hankali. Da na same ta na kama tafet na farko da yatsa, yana ɗan motsi ƙiris. Na biyun, na ɓangaren salansa, ko gezau, kamar an yi masa walda. Ma'aunin ma ya ƙi shiga sam. Na sassauta na saita, na ɗaure, na auna na ga ya goce kamar yadda Baba ya faɗa, sai a karo na uku ya zauna.

Da na mayar da komai na ɗora ƙafa a kan kik, tun kafin in buga na ji bambanci, ya turo ƙafata. Bugu na biyu ya tashi. Na bar shi a silo wajen minti biyar bai mutu ba. 'Yar ƙarar nan ta dawo kaɗan, siririya, kamar ta keken ɗinki, na ƙyale ta. Yau kwana huɗu, kullum bugu ɗaya ko biyu da cok, kuma na haye gadar Kawo a giya ta huɗu. Baƙin hayaƙin ya ɗauke. Shan mai ina kan lissafi, na cika tanki na rubuta lambar mita a bayan rajistar aji.

Na je na gaya wa bakaniken unguwarmu don kada ya yi ta jirana. Ya taka kik ɗin da kansa, ya gyaɗa kai, ya karɓi ma'aunin ya jujjuya, ya tambaye ni layin da na saye shi.

Ɗan'uwa na Barnawa, na karɓi shawararka, juye na gaba da hannuna zan yi. Na Kakuri kai ma na gode, fitilar zan sa in albashi ya shigo, don duhun layinmu ya isa.

Baba, saura abu ɗaya. Da nake tsugune na lura ƙafar gaba ta hagu tana tsattsafo da mai, ƙura ta manne a wurin ta yi zobe, kuma in na faɗa rami ina jin gaban yana dukan ƙasa. Shi ma wannan zan iya da kayan da nake da su, ko in kawo shi shago wurin yaranku?